Waƙar Haƙƙin Dabba da Sharhinta: Amsa ga Mai Tambaya a kan Wasan Rodiyo

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya hore mana abin da ya fi mu ƙarfi, har yaro ƙarami ya ja akalar raƙumi, raƙumi ya bi shi. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Muhammadu, wanda aka aiko rahama ga talikai, mai baki da marar baki, da alayensa da sahabbansa. Allah ya ƙara yarda ga Shehunmu Ahmadu Tijjani da halifofinsa, amin.

Bayan haka, wannan ƴar waƙa ce mai baiti 16 tare da sharhinta, na yi ta domin amsa wa ɗan'uwa guda, sa'an nan na ga amfaninta zai game sauran ƴan'uwa.

FASALI NA FARKO: SABABIN WAƘA DA SIFFAR WASAN

Da sunan Rabbu zan fara ƙasida,
Gwanin Sarki da yay yi mutum da dabba.

Salati dubu ga Annabi Ɗan Amina,
Da Alu da Sahbu, ban ware guda ba.

Wasiƙa ce ta zo min tun Amurka,
A kan wasa da sa, ban san da shi ba.

A ɗaure kwankwaso a sako shi fili,
Mutum bisa baya, dubbai na ta duba.

Da ɗan maraƙi a kan kora da doki,
A zarge wuyansa, bai san laifi nai ba.

Sharhi: Wani daga cikin ƴan zawiyarmu, wanda neman abinci ya kai shi jahar Teksas ta ƙasar Amurka yana tuƙin babbar mota, ya aiko mini da tambaya. Ya ce an yi masa tayin aiki mai tsoka, na jigilar shanu da dawaki zuwa filayen wani wasa da ake kira rodiyo, ga shi da iyali a can, ga iyaye a nan suna duban hannunsa. Ya ce mutanen ƙasar sun rabu biyu: wasu suna neman hukuma ta sa wa wasan doka ko ta hana shi, wasu suna cewa a bar masu abu da abinsu. Yana son sanin abu uku: hukuncin wasan, da hukuncin aikin, da ko hukuma tana da hurumin shiga tsakanin mutum da dabbarsa.

Ban yi gaggawar amsa ba, domin ba a yanke hukunci a kan abin da ba a siffanta ba. Na sa ɗalibai suka nuna mini hotunansa masu motsi, suka karanta mini dokokinsa, ga abin da ya tabbata gare ni.

Asalin kalmar daga harshen Sifaniyanci take, ma'anarta kewaye shanu a tattara su. Aikin makiyaya ne na Meziko da yammacin Amurka, suka riƙa gwada gwaninta a tsakaninsu bayan aiki, har abin ya zama sana'a mai kuɗi. Garin Shayan yana yin nasa taron tun 1897, garin Kalgari na Kanada tun 1912, jahar Teksas kuwa ta ɗauke shi wasanta na hukuma a 1997.

Wasan iri-iri ne. Akwai hawan bajimi ko doki mai tutsu: a tsare shi a ƙuntataccen shinge, a ɗaura masa ɗamara a kwankwaso gaban ƙafafun baya, a buɗe ƙofa, mahayi ya riƙe da hannu ɗaya, in ya kai sakan 8 bai faɗi ba an ba shi maki. Akwai zargen maraƙi: a saki maraƙi mai nauyin kilo 100 da ƴan kai, mahayi ya bi shi a sukwane ya jefa masa igiya a wuya, doki ya ja birki, mahayi ya dira ya ɗaga shi ya kayar, ya ɗaure ƙafa uku, wanda ya fi sauri shi ya ci. Akwai wanda ke dirowa daga doki ya kama ƙahon ɗan sa ya murɗe wuyansa har ya faɗi. Akwai kuma tseren dawaki ana kewaya ganguna uku, galibi mata ke yinsa.

FASALI NA BIYU: ASALIN HUKUNCI

Ku san dabba amana ce gare mu,
Aro aka ba mu, ba mu ne da rai ba.

Hawa, noma da yanka an halatta,
Buƙata ce, ana hana yin azaba.

A yo tseren dawaki, babu laifi,
Haɗa su faɗa Ma'aiki bai bari ba.

Cire tsoro da zafi, ga ma'auni:
Idan wasa ya watse, bai yi kyau ba.

Sharhi: Ka sani, ya kai ɗan'uwa, Allah ya datar da mu da kai, mallakar dabba ba kamar mallakar tukunya take ba. Abin da ka saya da kuɗinka shi ne amfaninta, amma ranta na Wanda ya busa shi ne. Saboda haka malamanmu na Malikiyya, kamar yadda yake a Muhtasar na Shehu Halil, suka wajabta wa mai dabba ciyar da ita in babu makiyaya, suka hana a ɗora mata aikin da ba ta iyawa, suka hana a tatse nonon da zai cutar da ɗanta, kuma wanda ya ƙi ciyarwa a sayar da ita ko bai so ba. Ba a taɓa yin irin wannan hukunci a kan tukunya ba.

Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya shiga gonar wani Ba'ansare, raƙumi ya gan shi ya yi kuka idanunsa suna zuba, ya shafa shi har ya natsu, sa'an nan ya nemi mai shi ya tsoratar da shi Allah, ya gaya masa raƙumin ya kai ƙararsa a kan yunwa da yawan aiki. Ya kuma ruwaito cewa sahabbai sun ɗauke ƴaƴan wata tsuntsuwa, ta zo tana shawagi tana karkaɗa fiffike, Annabi ya umurce su su mayar mata. Lura da wannan da kyau: ba a taɓa jikin tsuntsuwar ba, ko gashi ɗaya bai faɗi ba, firgita kawai aka yi mata, kuma an lissafa shi cuta. Saboda haka wanda ya ce maraƙi ya tashi ya tafi da ƙafafunsa, ke nan ba a yi masa kome ba, bai gama lissafi ba.

Shari'a kuwa ba ta ƙi wasa da dabba gaba ɗaya ba. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Annabi ya sa tseren dawaki, waɗanda aka horar ya ba su zango mai nisa daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba ya gajarta musu. Wannan da kansa doka ce a cikin wasa, an auna wa kowane doki gwargwadon ƙarfinsa. Amma an ruwaito hani ga zuga dabbobi su yi faɗa, a littafin Abu Dawuda da na Tirmizi. Ko da malamai sun yi magana a kan isnadinsa, ma'anarsa tana da madogara, domin ya inganta a Buhari da Muslim cewa Abdullahi ɗan Umar ya iske samari sun ɗaure tsuntsu suna gwada harbi a kansa, ya sanar da su la'anar Annabi ga mai mayar da abu mai rai abin bara.

Daga nan na fitar da ma'aunin da ke cikin baiti na tara. Ka ɗauki wasa, ka cire masa tsoron dabba da zafin da take ji, ka duba abin da ya rage. Tseren doki, in ka cire bulala mai tsanani da ƙaimi mai kaifi, tsere yana nan, domin doki mai son gudu ne. Zargen maraƙi kuwa, in ka cire tsoro, maraƙi zai tsaya yana kallonka, wasa ya mutu. To, abin da ba ya tsayuwa sai da cuta, cutar tana cikin zatinsa.

Da wannan ma'auni wasannin rodiyo suka kasu uku a wurina. Kashi na farko halal ne da sharaɗin sassauci, kamar tseren ganguna da nuna gwanintar sarrafa doki. Kashi na biyu doka tana iya gyara shi, kamar hawan bajimi da doki mai tutsu. A nan adalci ya wajaba: dabbobin manya ne, an zaɓi irinsu ne saboda tutsu, ana kiwonsu da kyau domin tsadarsu, ɗamarar kuma ba a kan al'aura ake ɗaura ta ba kamar yadda ake yaɗawa. In an hana sandar lantarki, an dakusar da ƙaimi, an kwance ɗamara nan take, an janye marar lafiya, ina ganin abin ya tsaya a karhanci, domin wargi ne marar fa'ida. In kuwa dabba ba ta tutsu sai an ji mata zafi, ya gangara haram. Kashi na uku doka ba ta gyara shi sai ta canza zatinsa, shi ne fizge maraƙi da igiya a wuya yana tsakiyar gudu, da murɗe wuya, da kayar da sa ta hanyar fizge ƙafafunsa ko wutsiyarsa.

Idan ka ce: ai makiyayi ma yana kayar da maraƙi, sai in ce: gaskiya ne, Bafillace a rugarsa yana yi domin ya ba shi magani, kuma daga irin wannan aiki wasan ya samo asali. Amma makiyayi yana yi ne sau ɗaya don buƙata, yana lallaɓawa domin dukiyarsa ce. A filin wasa an sa agogo, an sa kuɗi ga wanda ya fi sauri, sauri kuwa abokin gaba ne ga lallaɓawa. Siffar aiki ɗaya ce, illa ta bambanta, hukunci kuwa illa yake bi.

FASALI NA UKU: HURUMIN HUKUMA

Bisa ba ta zuwa ƙara ga sarki,
Hukuma ce waliyyi, ba wani ba.

Idan mai riba shi ne mai hukunci,
Hukuncin nasa zai bi inda riba.

Suna cewa abin gadon iyaye,
Daɗewar cuta ai ba lafiya ba.

Sharhi: Duk mai haƙƙin da ba ya iya neman haƙƙinsa, kamar maraya da mahaukaci, Shari'a tana tsayar masa da waliyyi. Dabba ta fi su rauni, domin maraya yana girma ya yi magana, ita kuwa har ta mutu ba ta faɗi wanda ya cuce ta. Shi ya sa littattafan hisba suka sa duba lodin dabbobi a cikin aikin muhtasibi. An hakaito a tarihin Umaru ɗan Abdul'aziz cewa labari ya kai masa ana ɗora wa raƙumi riɗili 1000 a Masar, ya rubuta kada a wuce 600, ya kuma hana linzami mai nauyi da tsokanar dabba da sanda mai ƙarfe a baki. Dubi yadda halifa bai tsaya ga wa'azi ba, ya yanka adadi, ya ambaci kayan aiki da sunansu. Sandar lantarki ta yau jikar waccan sanda ce.

Masu wasan suna cewa sun isar wa kansu. Babbar ƙungiyarsu ta Amurka, wadda ta faro a 1936, tana da ƙa'idodi fiye da 60 na kula da dabbobi, ta wajabta zaman likitan dabbobi a filin wasa, ta hana ƙaimi mai kaifi, tana cin tarar wanda ya saɓa. Wannan alheri ne, ba na tauye shi. Sai dai ba kowane taro ne ke ƙarƙashinta ba, sa'an nan a fiƙihunmu ba a karɓar shaidar wanda ke jawo wa kansa amfani da ita, balle a naɗa shi alƙali. Ba zargin mutuncinsu nake yi ba. Ɗabi'ar ɗan Adam ce, ko ni aka ba hukuncin abin da nake ci daga gare shi, ban amince wa kaina ba.

Ƙasashe sun bi hanyoyi daban-daban. A Ingila an kawo wasan birnin Landan a 1924, mutane suka ƙyamaci abin da suka gani, a 1934 majalisa ta yi dokar da ta hana zarge dabbar da ba a horar ba, da kokawa da bajimi, da sa dabba tutsu ta hanyar cuta. A jahar Kalifoniya doka ta wajabta likitan dabbobi ya kasance a wurin ko kusa, kuma a kai rahoton raunin dabba ga hukuma cikin awa 48. A jahar Biktoriya ta Ostireliya an hana sa dabbar da ba ta kai kilo 200 ba, da wannan adadi kaɗai zargen ƙananan maruƙa ya faɗi. A Kalgari dawaki 6 suka mutu a tseren keken dawaki na 2019, da aka dawo da shi a 2022 aka rage kekunan kowane zagaye daga 4 zuwa 3. Akwai ma wani nau'in zarge da igiya take tsinkewa daga sirdi da zarar ta kama, ba a fizge maraƙi ba a kayar da shi. Gwanintar jifa tana nan, cuta ta ragu ƙwarai. Wannan ya nuna gyara mai yiwuwa ne ba tare da an kashe wa mutane sana'a ba.

Amma doka tana da rauninta. Birnin Pitsbag ya hana sandar lantarki da ɗamara da ƙaimi mai kaifi a 1992, bayan wani bajimi ya karye a fili. A 2024 dokar jaha ta rinjayi ta birni, wasan ya koma. A Barazil babbar kotu ta rushe dokar da ta halatta wasan kayar da sa ta wutsiya a 2016, a 2017 majalisa ta gyara tsarin mulki ta ba wasannin gado kariya. Abin da hannu ya rubuta hannu yana gogewa, in zukata ba su gamsu ba.

Hujjar gado kuwa, mu Malikawa mun fi kowa girmama al'ada, muna gina hukunci a kanta a ciniki da aure da rantsuwa. Sharaɗinta kada ta ci karo da nassi. Larabawa sun gaji yanke tozon raƙumi da jelar tunkiya suna da rai, Annabi ya iske mutanen Madina a kai, ya hukunta abin da aka yanke daga mai rai mushe ne, bai dubi daɗewarsa ba. A riƙe hawa da ado da taron zumunta, a zubar da cuta.

Idan ka ce: ai ƙarshensa yanka ne, sai in ce: yankan ma an umurce mu da kyautata shi, a wasa wuƙa a hutar da abin yanka, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Wanda aka kiyaye haƙƙinsa a sa'ar mutuwarsa, yaya za a tozarta shi a kwanakin rayuwarsa? Idan ka ce: mutane suna cikin yunwa da yaƙi, malam yana zancen maraƙi, sai in ce: tausayi ba hatsi ba ne da zai ƙare in an ɗiba. Zuciyar da ta saba dariya ga mai rauni yana faɗuwa ba ta tambayar ƙafa nawa gare shi.

FASALI NA HUƊU: KOMAWA GIDA

Da mu da hawan ƙaho mun saba kallo,
Idan an auna, mu ba mu wanku sam ba.

Ina yaro ina shewa a taro,
Idon bajimin ga har yau bai ɓace ba.

Akwai ranar da dabba za ta tashi,
A bi mata hakki, ba wani zai hana ba.

Ilahi ka cusa tausai nan zukata,
Ka yafe wanda munka yi, karɓi tuba.

Sharhi: Da na ga hotunan nan, abin da ya fara zo mini shi ne hawan ƙaho na mahautanmu a nan Damagaram da sauran ƙasar Hausa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ina almajiri ɗan shekara goma ko kusa, na sulale daga makaranta lokacin salla na bi taro. An ɗaure bajimi da igiya biyu, ta kai da ta ƙafar baya, ana kiɗa, ana tsokanarsa har ya fusata, wani gwani ya faɗa tsakanin ƙahonninsa ya rungume wuya. Na yi shewa har muryata ta dushe. Da aka gama, san ya durƙusa kusa da inda nake, kumfa a bakinsa, hancinsa yana jini, idonsa yana juyawa yana neman hanyar fita, babu. Na ɗauki tsakuwa na jefe shi domin ya tashi a ƙara. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan, na manta fuskar gwanin, ban manta idon san ba, kuma ina neman gafarar tsakuwar nan har yau.

Ba na wulaƙanta mahauta, mutane ne masu sana'a da jarunta, da yawansu muna sahu ɗaya da su a wazifa. Amma ma'aunin da na auna na Teksas da shi, shi zan auna namu: a cire tsokana da fusatarwa, me ya rage? Haka karon raguna da ake tara samari a kansa, haka linzamin da ke fasa bakin doki ranar hawan salla domin ya yi rawa, haka jakin amalanke mai gyambo a ƙarƙashin kaya. Ina roƙon sarakunanmu da sarakunan fawa da hukuma su yi abin da Umaru ɗan Abdul'aziz ya yi, su yanka haddi sananne, su sa mai dubawa wanda ba ya cikin masu cin riba.

Amsarka kuwa, ya ɗan'uwa mai tambaya, ga ta a taƙaice. Jigilar dabbobi a kanta halal ce. Ɗaukar dawakin tsere da manyan bajimai zuwa taron da ke da doka da likita, ba na hana ka, da sharaɗin ka shayar, ka hutar, kada ka cunkusa, kada hannunka ya taɓa sandar lantarki. Amma ɗaukar maruƙa zuwa inda ka san za a fizge wuyansu, ka nisance shi, domin malamanmu sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa. In ba a yarda a raba maka aikin ba, ka zauna a kan tuƙinka na farko ko da kuɗinsa bai kai ba. Na san nauyin da ke kanka, kuma ban faɗi wannan da sauƙin zuciya ba. Kada ka sayi tikitin kallon kashi na uku, domin kuɗin ƴan kallo ke tsayar da shi. In an nemi goyon bayanka ga dokar da ke rage cuta, ka bayar, ko da wanda ya kawo ta ba Musulmi ba ne, domin taimakon wanda aka zalunta ba ya neman a haɗa addini.

Ku kuma ƴan'uwa muridai, ku tuna kowane mai rai yana tasbihi ko ba mu fahimta ba, kuma Muslim ya ruwaito cewa ranar alƙiyama za a rama wa akuya marar ƙaho abin da mai ƙaho ta yi mata. In an yi sakayya tsakanin dabba da dabba, alhali ba a kallafa musu Shari'a ba, ina ga mai hankali da ya sa agogo ya sayar da tikiti? Muna wanke zuciya da istigfari safe da yamma, kada mu mayar da ita inda za ta ƙeƙashe.

Abin da na dace a cikinsa daga Allah ne, abin da na kuskure daga gare ni ne, wanda ya ga gyara ya gyara. Allah shi ne mafi sani. Wa sallallahu ala Sayyidina Muhammadin wa alihi wa sahbihi wa sallama. Tammat bi hamdillahi.